Tambarin Halitta: Tarihin Gwajin DNA Daga Lesta Zuwa Kotunan Duniya

Tun kafin a san akwai wani abu wai shi DNA al'ummomi ke fama da tambayoyi biyu waɗanda shari'a ba ta iya kauce musu: wane ne wannan, kuma ɗan wane ne? A ƙasar Hausa aska ta daɗe tana amsa wani ɓangare na tambayar. Tsagar da wanzami ya yi wa jariri takan nuna Bagobiri ne ko Bakabe ko Bazamfare, har wanda ya ɓata a yaƙi ko a hanyar fatauci ya iya komawa cikin mutanensa da shaidar fuskarsa. Larabawa kuwa suna da ƙiyafa, wato ilimin gane dangantaka ta hanyar duban gaɓoɓi, kuma ƙabilar Banu Mudlij ta yi fice a kansa. Littattafan hadisi sun kawo labarin Mujazziz al-Mudlijiy, wanda ya ga ƙafafun Zaidu ɗan Harisa da na Usama suna kwance an lulluɓe kawunansu, ya hukunta cewa ɗaya daga ɗaya ya fito, alhali launin fatarsu ya sha bamban. Sai dai tsaga jama'a take nunawa, ba ta ware mutum guda, ƙiyafa kuma ta dogara ga idon mai duba. Hausawa da kansu sun san iyakar abin, shi ya sa suka ce kama da wane ba ta wane.

Ƙarni na 19 ya zo da zanen yatsa. A 1858 wani jami'in mulkin mallaka a Indiya, William Herschel, ya fara sa ƴan kwangila su danna tafin hannunsu a takarda. A 1892 Francis Galton ya fitar da littafinsa kan zanen yatsa, kuma a wannan shekarar ne ƴan sandan Ajantina suka kama wata mata da laifin kisa saboda sawun yatsa mai jini da ta bari a jikin ƙofa. Ƴan sandan Landan sun karɓi tsarin a 1901, shekarar da Karl Landsteiner ya bayyana rukunan jini a Biyana. Duk biyun sun yi amfani ƙwarai, amma kowanne da gurguntarsa. Zanen yatsa ba ya gaya wa alƙali uban yaro, ɓarawo mai wayo kuma yakan sa safar hannu. Rukunin jini yana iya wanke mutum, ba ya iya tabbatar da shi, domin miliyoyin mutane sun yi tarayya a rukuni guda. Ko wankewar ma ba kullum kotu ke saurarenta ba. A 1945 wata kotu a Kalifoniya ta ɗora wa shahararren ɗan wasan barkwanci Charlie Chaplin nauyin wata yarinya, bayan gwajin jini ya nuna ƙarara cewa ba shi ya haife ta ba.

Rubutu mai haruffa huɗu

Shi DNA wani dogon zare ne da ke naɗe a cibiyar kusan kowace ƙwaya ta jikin mai rai. Friedrich Miescher ne ya fara ware shi a 1869, daga mugunyar da ke jikin bandejin majinyata a garin Tübingen na Jamus, ba tare da ya san aikinsa ba. Sai a 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa suka nuna cewa shi ne ke ɗauke da gado, a 1953 kuma James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa ta igiya mai tufka biyu, bisa hotunan da Rosalind Franklin ta ɗauka. Ga ɗalibin harshe, hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce a ɗauke shi a matsayin rubutu mai haruffa huɗu kacal, A da C da G da T. Littafin ɗan Adam ya ƙunshi haruffa kimanin biliyan 3, an rarraba su cikin kuromosom 23, kuma kowane mutum yana da kofe biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan aka jera littattafan mutum biyu, ko daga wace nahiya suka fito, kusan kashi 99.9 cikin 100 na haruffan iri ɗaya ne. Matsalar masu bincike ke nan a shekarun 1970: ina za a nemo ɗan bambancin da ya rage a cikin wannan teku?

Alec Jeffreys, wanda aka haifa a 1950, ya koma Jami'ar Lesta a Ingila a 1977 bayan karatu a Oxford da aikin bincike a Amsterdam. Bai da wata alaƙa da ƴan sanda ko kotu. Abin da ya dame shi shi ne yadda ƙwayoyin gado ke sauyawa da yadda za a bi sawun cututtukan gado cikin zuriya. Ya soma nazarin ƙwayar gadon wani sinadari mai adana iska a cikin tsoka, kuma saboda wata dabbar teku mai nutso tana da shi da yawa a jikinta, sai ya samo namanta daga hukumar Birtaniya mai binciken yankin Antatika. Daga ƙwayar gadon dabbar ya gano ta mutum. A cikin ta mutum ɗin ne ya tarar da wani yanki inda jerin haruffa 33 ke maimaita kansa sau da yawa a jere.

Masu nazarin nahawun Hausa sun san ninki, inda ake maimaita gaɓa ko kalma: tsalle, tsalle-tsalle. Irin wannan ninki ne ke aukuwa a wurare da yawa cikin zaren, sai dai yawan maimaicin ya bambanta daga mutum zuwa mutum. A wuri guda wani yana da ninki 12 daga uwarsa da 30 daga ubansa, maƙwabcinsa kuma 17 da 45. Dalilin bambancin shi ne injin jiki mai kwafe zaren yakan yi tuntuɓe a irin waɗannan wurare, ya ƙara ko ya rage, kamar mai kwafar littafi da idonsa ya zame a layukan da suka yi kama da juna. Tun 1980 wasu masana biyu a Amurka suka ci karo da wuri guda irin wannan. Gudummawar Jeffreys ita ce gano cewa wurare da yawa masu ninki sun yi tarayya a wani gajeren jeri na haruffa 10 zuwa 15, don haka da ƙugiya ɗaya za a iya kamo su a lokaci guda.

Aikin kansa yana da matakai. Ana fitar da DNA daga jini, a zuba masa wani sinadari mai yanka zaren a duk inda ya ga wani jerin haruffa na musamman, sai ya zama guntaye. Ana zuba guntayen a gefen wani faranti na daskararren abu mai kama da kafaffen koko, a sakar masa lantarki. Gajerun guntaye sukan yi nisa, dogaye su maƙale a baya, kamar yadda rariya ke raba gari da tsaki. Daga nan a ɗauke su zuwa wata takarda bisa dabarar da Edwin Southern ya fito da ita a 1975, a jiƙa ta da ƙugiyar nan wadda aka sa wa sinadari mai fitar da haske, a ɗora fim irin na hoton ƙashi a kai. Da ƙarfe 9:05 na safiyar Litinin, 10 ga Satumba 1984, Jeffreys ya ciro fim ɗin. A kansa akwai samfurin mataimakiyarsa da na iyayenta biyu, da na wasu dabbobi. Abin da ya gani layuka ne baƙaƙe masu dishi-dishi kamar matakan tsani, amma cikin ƴan mintuna ya lura cewa tsanin kowa daban yake, kuma kowane layi na ɗiyar yana nan a wurin uwar ko a wurin uban. Fim ɗaya ya amsa tambayoyin nan biyu tare. Mujallar Nature ta buga sakamakon a watan Maris 1985.

Yaron da ya dawo daga Gana

Yawancin mutane sun ɗauka ƴan sanda ne suka fara cin moriyar wannan bincike. Tarihi bai nuna haka ba. Wanda ya fara amfana wani yaro ne ɗan asalin Gana, haifaffen Birtaniya, wanda ya je Gana wurin mahaifinsa ya daɗe, sa'an nan ya dawo wurin uwarsa a Landan a 1983 yana da shekara 13. Jami'an shige da fice suka dubi fasfonsa suka yi zargin an taɓa shi. A ganinsu wani yaro ne dabam aka musanya, wataƙila ɗan ɗaya daga cikin ƴan'uwan matar da ke Gana. Aka yi gwajin jini irin na da, ya nuna lalle akwai dangantaka tsakanin matar da yaron, amma ya kasa bambance uwa da ƙanwar uwa, ga shi kuwa a nan gardamar take. Shekara biyu iyalin suna zaune da barazanar za a mayar da shi.

Lauyar da ke kare su a wata cibiyar taimakon shari'a ta unguwar Hammersmith ta karanta labarin binciken Lesta a jarida, ta rubuta wa Jeffreys. Aikin ya zo da wahala guda: ba a samu jinin uban ba. Jeffreys ya karɓi jinin matar, da na yaron, da na ƴaƴanta uku waɗanda ba a jayayya a kansu. Duk layin da ya bayyana a tsanin ƴaƴan ukun amma babu shi a na uwar, tilas daga uba ya zo. Da haka ya sake gina tambarin mutumin da bai taɓa gani ba. Da ya dawo kan yaron, sai ya ga kowane layi nasa yana nan ko dai a wurin matar ko a wurin uban da aka gina. Da ɗan ƙanwarta ne, da an ga layuka da dama waɗanda ba su da tushe. A tsakiyar 1985, ranar da za a saurari ƙarar, ma'aikatar cikin gida ta janye, yaron ya zauna.

Wannan mafari ya yi wa sabuwar dabarar rana. Da a kan rataye wani aka fara jin sunanta, da jama'a sun karɓe ta da ɗari-ɗari. Wasiƙu suka yi ta kwarara zuwa Lesta, galibi daga iyalan Bangaladash da Pakistan da Indiya waɗanda aka hana matansu da ƴaƴansu shiga bisa zargin ƙarya. Ɗakin bincike ɗaya ya kasa ɗaukar nauyin, har kamfanin ICI ya buɗe reshe mai suna Cellmark a 1987 domin aikin. A shekaru goma da suka biyo baya an gwada sama da mutum 18,000 da aka taɓa hana shiga Birtaniya, fiye da kashi 95 cikin 100 kuma suka tabbata ƴan'uwan jini ne kamar yadda suka faɗa tun farko. Alƙaluman sun fi tona asirin jami'an da suka yi shekaru suna yanke hukunci da hira da zato, fiye da na masu neman shiga.

Ƙauyuka uku da jinin mutum dubu biyar

Shari'ar kisa ta farko kusan a ƙofar gidan Jeffreys ta faru. A watan Nuwamba 1983 aka tsinci gawar wata yarinya mai shekara 15 a wata ƴar hanya a ƙauyen Narborough, kilomita kaɗan daga Lesta, an yi mata fyaɗe an shaƙe ta. Gwajin da ake da shi a lokacin ya nuna mai laifin yana cikin wani rukuni da ya ƙunshi kashi 10 cikin 100 na maza, wanda bai kai ƴan sanda ko'ina ba. A watan Yuli 1986 aka kashe wata yarinyar, ita ma mai shekara 15, a kusa da Enderby, ta hanya iri ɗaya. Aka kama wani saurayi ɗan shekara 17 mai aiki a kicin ɗin wani asibiti da ke kusa. Bayan doguwar tuhuma ya amsa kisa na biyu, ya musanta na farko. Ƴan sanda sun tabbata mutum ɗaya ne ya yi duka biyun, sai suka kai wa Jeffreys samfurori domin ya ɗaure musu saurayin da na farkon.

Sakamakon ya ba su rabin abin da suke so. Lalle mutum ɗaya ne ya aikata duka biyun, amma ba wanda ke hannunsu ba. Masanan hukumar binciken laifuka ta gwamnati suka maimaita gwajin, suka samu abu ɗaya. A watan Nuwamba 1986 aka sallami saurayin, ya zama mutum na farko a duniya da DNA ya wanke daga tuhumar kisa. Da ba don haka ba, da ikirarin bakinsa kaɗai ya isa a ɗaure shi rai da rai, mai laifin kuma ya ci gaba da yawo.

Daga Janairu 1987 ƴan sanda suka yi abin da ba a taɓa yi ba. Suka gayyaci samari da magidantan Narborough da Enderby da Littlethorpe su ba da jini da yawu bisa son ransu. Sama da mutum 5,000 suka bayar, ba a samu wanda ya dace ba. Ashe wani mai aikin gidan burodi, Colin Pitchfork, ya lallashi abokin aikinsa ya je ya ba da jini da sunansa, da fasfo da aka sauya wa hoto. A watan Agusta abokin ya saki zancen a wata mashaya a Lesta, wata mata da ke wurin ta ji, bayan ƴan makonni ta sanar da ƴan sanda. Baki shi ke yanka wuya. An kama Pitchfork a watan Satumba, tambarinsa ya dace da na samfurori biyun, ya amsa laifi, kuma a Janairu 1988 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Abin lura a nan, tarkon jinin bai kama shi kai tsaye ba. Tsoron tarkon ne ya tura shi ga yaudarar da ta fallasa shi.

A Amurka kamfanoni masu zaman kansu suka rungumi aikin da gaggawa, kotuna kuma suka yi ta karɓar sakamako ba tambaya, har zuwa shari'ar Castro a birnin New York a 1989. A can aka ce ɗigon jinin da ke jikin agogon wanda ake tuhuma na matar da aka kashe ne. Da masana irin su Eric Lander suka duba fim ɗin, sai suka ga layukan da aka yi watsi da su ba dalili, da ma'aunin da aka sassauta domin a ce an dace. Masanan ɓangarorin biyu suka haɗu a wajen kotu, suka rubuta matsaya guda cewa aikin bai inganta ba, alƙali ya ƙi karɓar shaidar. Daga baya mutumin ya amsa laifinsa, amma darasin ya riga ya zauna, aka shiga kafa ƙa'idojin tantance ɗakunan gwaji.

Dabarar kanta ta sauya. Ta farko tana buƙatar jini mai yawa da makonni na jira. Kary Mullis ya fito da hanyar ninka ɗan guntun DNA a cikin kwalba a 1983, inda kowane zagaye na zafi da sanyi ke ruɓanya abin da ke akwai, zagaye 30 su ba da kofe kusan biliyan ɗaya, ya kuma samu kyautar Nobel a 1993. Da wannan, yawun da ke jikin guntun taba ko saiwar gashi guda ta wadatar. Aka koma ga gajerun ninki masu haruffa huɗu-huɗu, na'ura ta maye gurbin fim, tambarin mutum ya zama jerin lambobi da kwamfuta ke iya adanawa. Birtaniya ta buɗe rumbun tambarin ƙasa na farko a duniya a Afrilu 1995. Amurka ta bi sahu a 1998 da wurare 13 na ninki, ta ƙara su zuwa 20 a 2017. Lauyoyi biyu, Barry Scheck da Peter Neufeld, suka kafa wata ƙungiya a 1992 domin sake duba tsofaffin hukunce-hukunce. Zuwa 2020 DNA ya wanke fursunoni 375 a Amurka, 21 daga cikinsu sun taɓa zaman jiran kisa, kuma a kusan bakwai cikin kowace shari'a goma akwai shaidar gani da ido da ta nuna wanda ba shi ba.

Matattu, tsuntsaye da hauren giwa

Matattu ma sun samu bakin magana. A 1992 Jeffreys da Erika Hagelberg suka tabbatar cewa ƙasusuwan da aka tono a Barazil a 1985 na Josef Mengele ne, likitan sansanin Auschwitz, ta hanyar kwatanta ƙashin cinyarsa da jinin matarsa da ɗansa. A Ajantina, inda gwamnatin soja ta 1976 zuwa 1983 ta kashe iyaye ta raba jariransu ga wasu gidaje, kakanni mata da suka kafa ƙungiya a 1977 su ne suka tambayi masana ko jinin kaka zai iya shaida jika alhali iyayen ba sa nan. Mary-Claire King na cikin waɗanda suka amsa. Ta yi amfani da wani nau'in DNA da ake gada ta wajen uwa kaɗai, wanda ke sauka daga kaka zuwa ɗiya zuwa jika ba tare da gauraya ba. Ƙasar ta kafa rumbun adana jinin iyalan a 1987, kuma an gano jikoki sama da 130. Shugabar ƙungiyar, Estela de Carlotto, ta samu nata jikan a 2014, yana da shekara 36. A Srebrenica ta Bosniya, inda aka kashe Musulmi maza kimanin 8,000 a Yuli 1995, makasan sun tone kaburburan da manyan motoci suka warwatsa gawarwakin domin ɓoye sawu, har ƙasusuwan mutum ɗaya suka rabu a ramuka dabam-dabam. Duk da haka an gano sunayen kusan 7,000.

Masana dabbobi sun karɓi dabarar tun 1987, suka fara da gwara. An daɗe ana koyar da cewa galibin tsuntsaye namiji ɗaya da mace ɗaya suke zama. Gwaji ya nuna zaman gaskiya ne, amma ƴaƴan da ke cikin sheƙa ba duka na mai sheƙar ba ne, har a wani ƙaramin tsuntsu na Ostareliya aka samu kusan uku cikin huɗu na ƴaƴan daga wani namijin suke. Wanda ya fi shafar Afirka shi ne aikin Samuel Wasser na Jami'ar Washington, wanda ya tattara kashin giwaye daga ƙasashe 29 ya zana taswirar tambarinsu. Da ya gwada manyan kamun haure 28 da aka yi tsakanin 1996 da 2014, sai ya ga cewa tun daga 2006 mafi yawansu daga wurare biyu kawai suka fito: dajin da ya haɗa Gabon da Kwango da kudu maso gabashin Kamaru da gefen Afirka ta Tsakiya, sai kuma kudancin Tanzaniya da arewacin Mozambik. Haure yakan bar nahiyar ta tashar jirgin ruwan wata ƙasa dabam, don haka kafin wannan aiki ba a san inda ya kamata a tura masu gadi ba.

Ƙarfin gwajin shi ne kuma rauninsa, domin abin da ke iya karanta ƙwaya goma zai karanta ta duk wanda ya taɓa kayan aikin. Ƴan sandan Jamus da Ostiriya da Faransa sun yi shekaru suna farautar wata mata da tambarinta ya bayyana a wuraren laifi kusan 40, daga fasa shago har kisan wata ƴar sanda a Heilbronn a 2007. An sa ladan Yuro 300,000 a kanta. A Maris 2009 aka gano cewa ma'aikaciya ce a masana'antar da ke haɗa tsinken audugar da ake ɗaukar samfuri da shi. Akwai kuma tarkon lissafi. Idan masani ya ce mutum ɗaya cikin miliyan ke da irin wannan tambari, mai sauraro yakan ji kamar an ce yiwuwar rashin laifin wanda ake tuhuma ɗaya ce cikin miliyan. Maganganun biyu ba ɗaya ba ne. A ƙasa mai mutum miliyan 25, kimanin mutum 25 ne za su dace, kuma sauran shaidu ne za su nuna wane ne a cikinsu. Ko an dace ɗin ma, gwajin yana cewa jikin wane ya taɓa nan, ba ya faɗin yaushe ko don me.

Rumbun Birtaniya ya kumbura har ya haɗiye tambarin waɗanda aka kama aka sake ba tare da laifi ba, kuma samari baƙar fata sun fi kowa yawa a ciki idan aka kwatanta da adadinsu a ƙasar. Jeffreys da kansa ya soki wannan a fili. A Disamba 2008 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke cewa riƙe su ya saɓa wa haƙƙin sirri, a ƙarar da mutum biyu daga Sheffield suka shigar, ɗayansu yaro ne da aka kama yana da shekara 11 kotu ta wanke shi. Dokar 2012 ta sa aka goge tambari sama da miliyan ɗaya. Kuwaiti ta yi dokar tilasta gwajin ga kowa da kowa a 2015, kotun tsarin mulkinta ta soke ta a 2017.

Jini da nasaba

Tambayar da gwajin bai iya amsawa ita ce ko uban jini shi ne uban shari'a. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka a Janairu 2002 ta fitar da matsaya. Ta halatta dogaro da shi a binciken laifukan da ba su da haddi ko ƙisasi, da wurin jariran da suka cakuɗe a asibiti, da yaran da suka ɓata a yaƙi ko bala'i, da gawarwakin da ba a gane ba. Ta hana a yi amfani da shi wajen kore nasabar da ta tabbata ta hanyar aure, ko a gabatar da shi a kan li'ani. Abin sha'awa, Faransa da ke tinƙaho da raba addini da gwamnati ta tsaya kusa da nan: tun 1994 ba a gwajin uba a can sai da umarnin alƙali, wanda ya yi a ɓoye kuma yana fuskantar ɗaurin shekara ɗaya ko tarar Yuro 15,000.

Shi ya sa ƙura ta tashi a 2007 lokacin da ɗan majalisa Thierry Mariani ya kawo gyaran doka domin a riƙa gwada baƙi masu neman kawo iyalansu, galibinsu daga Afirka. Masu suka suka ce ana auna iyalin baƙo da ma'aunin da Bafaranshe bai yarda a auna nasa da shi ba. Alpha Oumar Konaré, shugaban hukumar Tarayyar Afirka a lokacin, da shugaban Senegal Abdoulaye Wade duk sun yi tir da shi. An rage wa gyaran kaifi, aka taƙaita shi ga dangantakar uwa da ɗa domin kada a tona asirin gidaje, sa'an nan a Satumba 2009 ministan shige da fice Éric Besson ya ƙi sa hannu a takardar aiwatarwa.

Amurka ta bi wata hanyar. A 2008 ta gwada ƴan gudun hijira kimanin 3,000 masu neman haɗuwa da danginsu, aka fara a Nairobi, aka faɗaɗa zuwa Habasha da Yuganda da Gana da Gini da Gambiya da Kodebuwa. Ƙasa da kashi 20 cikin 100 na iyalan ne aka tabbatar da dukkan dangantakar da suka faɗa, sai gwamnati ta kira sauran zamba ta dakatar da shirin. Babu shakka akwai masu sayen gurbi a ciki. Amma lissafin ya haɗa da waɗanda suka ƙi yarda a gwada su, kuma mutum ɗaya da bai dace ba ya isa ya kayar da iyali duka. Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san cewa kalmar ɗa ta ɗauki ɗan wa da ɗan ƙane da ɗan riƙo da agola, haka abin yake a yawancin nahiyar, balle a ƙasar da yaƙi ya bar marayu a hannun maƙwabta. Matar da ta goyi ɗan ƴar'uwarta daga Mogadishu zuwa sansanin Dadaab ba za ta kira shi da wani suna ba a gaban jami'i, takardar da aka ba ta kuwa ba ta da gurbin riƙo irin wanda ta sani. An sake buɗe shirin a 2012, da sharaɗin gwajin DNA tsakanin mai nema da duk wanda ya ce mahaifinsa ne ko ɗan cikinsa.